LADAN KUTURU

Kwanan baya, da aka tashi daga taron ƙungiyarmu, sai wani ƙanena ɗan garinmu, wanda ke shekararsa ta ƙarshe a sashen nazarin ƙwayoyin cuta, ya tare ni a ƙofar zaure ya ce, "Yaya, ni fa in Allah ya sa na gama, sawunka nake so in bi. Aikin nan naku na bin annoba, akwai ci gaba a cikinsa?" Na san abin da yake nufi da ci gaba, domin ni ma da irin wannan tambaya na shiga. Na ce masa akwai. Na gaya masa a shekarar 2008 aka fara wani shiri na shekara biyu a ƙasar nan don horar da likitocin mutane da na dabbobi da masanan ɗakin gwaje-gwaje a kan wannan aiki, tare da Jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan. Na gaya masa akwai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wadda aka kafa a 2011 aka yi mata doka a 2018, kuma kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 tana bukatar jami'in da zai riƙa kai rahoton cuta. Na ce ya dage da lissafi, ya koyi sarrafa alƙaluma a kwamfuta. Ya yi godiya ya tafi yana murna. Ni kuwa da na koma ɗaki sai na ga ban yi masa adalci ba, gama na nuna masa ƙofar gidan amma na ɓoye masa abin da ke tsakar gida. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko ya karanta a nan tare da sauran 'yan'uwa ɗalibai, malamanmu kuma su gyara mini inda na karkace.

Da farko dai, mene ne aikin? Likitan asibiti yana zaune ne mara lafiya ya zo ya same shi, tambayarsa kuwa ita ce, me ke damun wannan bawan Allah? Mai bin sawun cuta shi fita yake yi, tambayoyinsa kuma daban ne: su wa suka kamu, a ina, yaushe, kuma me ya sa su, ba maƙwabtansu ba? Kakan wannan sana'a da aka fi ambata shi ne wani likita Bature, John Snow. A shekarar 1854 kwalara ta faɗa wa unguwar Soho a birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma. A lokacin yawancin masana sun ɗauka mummunar iska ce ke kawo ta. Snow ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, sai ya ga sawu yana komawa wurin famfo guda da ke titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wani limamin coci na unguwar, Henry Whitehead, wanda da fari ma bai yarda da Snow ba, shi ne ya gano jaririyar da aka wanke tsummokaranta aka zuba ruwan a wani rami kusa da rijiyar. Ya gano ne don ya san mutanen, suna buɗe masa ƙofa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

To, ga abin da na ɓoye wa ƙanena. A shekarata ta farko a fagen aiki an tura mu wani ƙauye bin sawun tarin fuka. Ƙa'idar aikin ita ce, in an sami mai cutar, sai a je gidansa a rubuta duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da shi, a duba su, musamman yara ƙanana. Wadda muka je dominta wata matashiya ce mai 'ya'ya biyu, tana sana'ar fura, ta kuma fara shan magani mako uku kafin zuwanmu. Muka isa da hantsi cikin farar mota mai rubutu a jikin ƙofa, mu huɗu, kowa da takunkumi a hanci. Kafin direba ya kashe mota yara sun kewaye mu, mata suna leƙe ta kan katanga. Na yi sallama da maigidan, na ce, "Malam, mun zo ne a kan maganar tarin iyalinka," da muryar da duk mai tsaye a ƙofar gida ya ji. Ya ce, "Wane tari?" Ashe ba ta gaya masa sunan ciwon ba, ta ce masa sanyi ne ya kama mata ƙirji.

Mun yi aikinmu tsaf. Muka rubuta sunaye, muka karɓi majina, muka kuma gano ƙaramin ɗanta ya kamu, aka sa shi a kan magani, ya warke sarai. A rahoton da na rubuta, wannan tafiya nasara ce, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma kafin wata ya zagayo ba mai sayen furarta. Aka ware mata kwano da moɗa. Kana aka ce ta je gidan iyayenta ta huta har ta ji sauƙi, irin hutun nan da ba a zuwa biko. Garin iyayenta kuwa ya yi nisa da inda take karɓar magani, sai ta daina zuwa. A littafinmu akwai gurbin da ake cikewa ga irinta, ma'anarsa ita ce ta ɓace. Babu gurbin da ake rubuta wanda ya ɓatar da ita.

Tambayar da nake so mu tattauna ke nan: shin ya halatta a tona asirin mutum ɗaya don a tsare lafiyar jama'a? In ya halatta, wa zai biya shi abin da ya rasa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, ai rai dubu ya fi mutuncin mutum ɗaya. Ban raina wannan amsa ba, kuma duk wanda ya raina ta bai taɓa ganin annoba ba. Tun a addini an hana shiga garin da annoba ta faɗa, an hana na ciki fita, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham a lokacin annobar Amwas. A zamaninmu ma mun gani. Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani fasinja daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Da ya nemi ya bar asibitin da aka kwantar da shi, Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa, duk da matsin da aka yi mata. Ta tauye masa 'yancinsa, babu ko tantama. Ita kanta ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Masu bin sawu suka rubuta sunayen mutum kusan 900, suka yi ta zuwa gidajensu kullum ana auna zafin jikinsu, ziyara wajen 18,500. Mutum 20 suka kamu a ƙasar baki ɗaya, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba aka ce Nijeriya ta fita. Wa zai tsaya a gaban wannan ya ce da an bar kowa da sirrinsa? Ni dai ba ni ba.

Amma fa in aka ce mutum ɗaya, sai mu tambaya, wane ɗayan? Tarihin sana'armu ya nuna ba ƙuri'a ake jefawa ba. A birnin New York an yi wata kuku 'yar ci-rani daga Ailan, Mary Mallon, wadda ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin taifot ba tare da ita ta yi ciwo ba. A 1907 aka kama ta da ƙarfi aka kai ta wani tsibiri. A 1910 aka sake ta bisa alkawarin ba za ta ƙara dafa wa kowa abinci ba, amma ba wanda ya ba ta sana'ar da za ta riƙe ta kamar girki. Wanki da guga ba su kai rabin hanya ba. Ta sauya suna ta koma tukunya, aka sake samun waɗanda suka kamu har da mutuwa, aka mayar da ita tsibirin a 1915, can ta zauna har ta mutu a 1938. Tana da laifinta, ban wanke ta ba. Sai dai kafin mutuwarta an gano ɗaruruwan masu ɗauke da ƙwayar irinta a wannan birni, ba kuma wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai sai ita: mace, baƙuwa, 'yar aiki, mai tsiwa.

Haka aka yi da ƙanjamau ta bayyana. A farkon shekarun 1980 hukumar lafiya ta Amurka ta sa 'yan ƙasar Haiti, al'umma guda sukutum, cikin jerin masu haɗarin cutar. Kafin a cire su a 1985, da yawansu sun rasa aiki da gidajen haya, masu yawon buɗe ido kuma sun ƙaurace wa ƙasarsu. Akwai kuma wani ma'aikacin jirgin sama ɗan Kanada, Gaëtan Dugas, wanda ya taimaki masu bincike da sunayen abokan hulɗarsa fiye da yadda wasu suka yi. A takardunsu an yi masa lamba da harafin O, watau wanda ya zo daga wajen Kalifoniya. Wani ya karanta harafin a matsayin sifiri, sai ya zama mara lafiya na farko, wanda wai ya kai wa Amurka cutar. Ya mutu a 1984, aka yi ta tsine wa sunansa shekara talatin, sai a 2016 binciken tsofaffin samfuran jini ya nuna ƙwayar ta riga shi shiga ƙasar da shekaru. Dubi wannan: gaskiyar da ya faɗa wa masu irin aikina ita ta zama igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Kada mu yi ta nuna Turawa da yatsa, mu leƙa namu gidan. Ba cutar da Bahaushe ya yi wa tambari kamar kuturta. Mun sa ta a karin magana, mun sa ta a zagi, mun ce mai ita zuciya gare shi, kamar wanda aka guje shi shekara ashirin ba shi da dalilin yin fushi. Gaskiya ne garuruwanmu sun ba su wani matsayi, har da Sarkin Kutare, amma matsayi ne na bara, a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. A zamanin Turawa aka keɓe su a sansanoni irin su Amanawa a ƙasar Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Ni sunan nan na ƙarshe yakan tsaya mini a rai. Ko me ya sa aka raɗa shi, yana faɗin abin da ake bukata ga mai zuwa wurin: sai ya yar da kunya tukuna kafin ya sami magani.

Alhali me ilmi ya nuna? Tun 1873 wani likita ɗan Norwe, Hansen, ya ga ƙwayar cutar a madubin likita, watau ba gado ba ce, ba kuma tsinuwa ba. Kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya karɓarta ko da sun zauna da mai ita. Ba ta cin yatsu kamar yadda muke cewa. Jijiyoyi take kashewa, sai mutum ya ƙone ko ya yanke bai ji ba, miki ya ruɓe. Tun 1981 aka tsayar da magani mai haɗin ƙwayoyi, wanda yau ake sha na wata shida ko shekara guda, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi a duniya, kuma da zarar an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. Wanda ya zo da wuri, lokacin da abin bai wuce wani farin tabo da ba ya jin taɓi ba, zai warke ba tare da ko alama ba. To, me ya sa har yanzu ake samun masu zuwa asibiti hannu ya riga ya lalace? Domin tabon yana ƙarƙashin riga, zuwa asibitin kuwa a idon jama'a yake. Mutum ya auna biyun, ya zaɓi riga. Daɗin daɗawa, ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin yana sauya launin fata na ɗan lokaci, har maƙwabta su gane. Akwai masu barin magani saboda wannan kaɗai. Kuturun da muke ƙyama, mu muka ƙera shi da ƙyamarmu, domin ita ta jinkirta shi har ya nakasa.

A nan ne na fara ganin cewa tambayar da na yi da farko a karkace take. Na aza ta kamar sikeli, mutuncin mutum ɗaya a wannan kwano, lafiyar jama'a a wancan. Amma matar nan da muka tona wa asiri, ai ba ita kaɗai ta ga farar mota ba. Duk mai tari a ƙauyen ya gani, ya kuma ɗauki darasi, gani ga wane. Mun sami sunaye goma sha a gida ɗaya, mun rufe bakin gidaje hamsin. Tarin fuka kuwa a iska yake tafiya, mai ɓoye shi yana kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta kusan rabin miliyan na kamuwa da shi kowace shekara a Nijeriya, kuma shekara da shekaru babbar matsalar ita ce waɗanda ba a gano ba. Wani likita Ba'amurke, Jonathan Mann, wanda ya fara shugabantar yaƙi da ƙanjamau a wannan hukuma, ya faɗa tun 1987 cewa bayan annobar ƙwayar da annobar ciwon akwai ta uku, ita ce ta ƙyama da tsangwama, kuma ita ma sai an yaƙe ta kamar sauran. Ba tausayi kawai ya sa shi faɗin haka ba, lissafi ne. Wanda ya san korarsa za a yi daga aiki ba zai je a gwada jininsa ba.

Wani zai ce, to, a bar mutane mana, kada a ƙidaya kowa. Wannan ita ce ɓata ta biyu, kuma a ganina ta fi ta farko muni, don tana sanye da rigar kirki. Wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi kasafi da shi. Wani likitan ƙauyen masu haƙar kwal a Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya rubuta a 1971 cewa kyakkyawar kulawar likita takan yi ƙaranci daidai inda aka fi bukatarta. Ba sai mun je Birtaniya ba. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta ɗauki kaso mafi girma, mafi yawan waɗanda suka kamu kuwa yara ne da ba su sami cikakkiyar allurar riga-kafi ba, allurar da aka sani tun kafin a haifi kakanninmu na kusa. Ba don masu ƙidaya ba, da sai a ce ajali ne ya zo, a yi ta'aziyya a watse. Alƙaluma ne ke nuna cewa ajalin yana da unguwannin da ya fi so. Adalci a rabon lafiya ba shi ne a ba kowace unguwa asibiti ɗaya ba; shi ne a kai guga biyu inda gobara ta fi ci. Kuma ba mai sanin inda take ci sai wanda ya je ya ƙirga. Saboda haka ƙidaya makamin talaka ce, ita ce kuma ke iya yanka shi. Wuƙa ɗaya ce.

In haka ne, ba a kan ko za a ƙidaya gardamar take ba, a kan bashin da ke wuyan mai ƙidaya take. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Na daɗe ina jin wannan magana a matsayin gargaɗi ga mai kwaɗayi, watau kada ka karɓi kuɗin aikin ƙazanta. Yanzu ina jin ta a matsayin hukunci a kaina. Albashina daga ciwon mutane yake fitowa. Digirin da nake nema, da maƙalar da za a buga a mujallar ƙasar waje, da taron da za a gayyace ni a otal mai sanyi, duk daga majinar matar nan da irinta aka tatso su. Ladan na ci. Askin fa?

Mutanen Kano sun taɓa yin wannan tambaya da babbar murya. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum fiye da dubu goma a Arewa. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a wani bincike da ya haɗa yara wajen 200 a Kano. 11 daga cikin yaran suka mutu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen ashirin, yara da yawa suka nakasa. Jita-jitar da aka yaɗa a kan allurar ƙarya ce, kuma ta yi ɓarna mai yawa. Amma ƙarya ba ta tsiro a kan dutse. Akwai tambayar da iyaye suka riƙa yi wa masu ɗiga magani a ƙofar gida, wadda ban taɓa jin an amsa ta da kyau ba: me ya sa wannan kuke biyo mu da shi har ɗaki kyauta, amma in yaro yana zazzaɓi muka je asibiti sai a rubuta mana takarda a ce mu je mu saya? Mutumin da ya yi wannan tambaya ba jahili ba ne. Ya lura ne cewa ana damuwa da cutar da za ta iya ƙetare teku fiye da wadda za ta tsaya a kan ɗansa. Abin bai gyaru ba sai da aka koma wurin irin su Whitehead: sarakuna da masu unguwanni da malamai, da matan unguwa da aka sani, da waɗanda shan inna ta nakasa su da kansu suna bi gida gida a kan kekunansu. An kuma fara haɗawa da wasu magunguna da sabulu. Wasu sun biya da rayukansu, kamar ma'aikatan da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. A 2016 aka ga na ƙarshe a Barno, ran 25 ga Agusta, 2020, aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar ta asali.

Na kai wannan magana gaban wani malamina, dattijo wanda ya ga kwalara da sanƙarau iri iri. Ya saurare ni ya ce, "Kai yaro ne. Ranar da gawa ke fita ashirin ashirin, ba ka da lokacin ajiye mota a nesa." Na ce, "Allah ya gafarta malam, haka ne." Kuma haka ɗin ne. Akwai ranar da sauri ya fi ladabi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai yawancin ranakun aikinmu ba irin wannan ba ne. Ranar da muka je gidan mai fura ba gawa ko ɗaya. Ta yi mako uku tana shan magani, haɗarin yaɗawa ya riga ya ragu ƙwarai. Ba gaggawa ce ta sa muka shiga da mota har ƙofa ba, rana ce ta yi zafi, kuma ba wanda ya koya mana cewa tambayar mace abin da ta gaya wa mijinta wani ɓangare ne na aikin. Mukan ari hujjar ranar annoba mu rufe lalacin ranar Talata.

Ku kuma 'yan'uwana na sashen Hausa, kada ku ce wannan zancen likitoci ne. Suna ma magani ne ko dafi. A 1969 aka raɗa wa wani zazzaɓi sunan garin Lassa na ƙasar Barno, har yau duniya ba ta san garin da komai ba sai ciwo. A 1976, da wata cuta ta ɓulla a ƙauyen Yambuku na ƙasar Zayar, masu binciken suka tuna da haka, suka ba ta sunan kogin Ebola don su tsare ƙauyen. Sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙabila ko mutum. Mu fa? Mun kira wata cuta kabari kusa, muna dariya, alhali yau mai shan maganinta kullum yana iya tsufa, kuma in ƙwayar ta kwanta har gwaji ba ya ganinta, ba ya sa wa matarsa. Wanda ya fara cewa cuta mai karya garkuwar jiki a gidan rediyo ya yi aikin da ya kai na allura. Kalmar da ke kan wannan maƙala ma, na yi ta jujjuya ta kafin in bar ta, domin masu ciwon da yawa ba sa son a kira su da ita, kuma suna da gaskiya: mutum ne da ya yi ciwo ya warke, ba ciwon ne sunansa ba. Na bar ta ne don karin maganar ba tawa ba ce da zan gyara, kuma don mu ji ɗacinta.

Wajen shekara guda bayan waccan tafiya, na nemi garin iyayen matar na je, ba da sunan aiki ba. Na sauka a tasha na taka da ƙafa. Na tarar wani malamin asibiti na yankin ya lallashe ta ta koma kan magani daga farko, ta kuma gama, ta yi ƙiba. Mijin bai zo ba. Yaron yana wurinsa, ta gan shi sau biyu. Mahaifiyarta ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, na ce, "Inna, na zo ne in ba ku haƙuri." Ta ce, "Ɗan nan, ai kun warkar da jikana. Da dai da magariba kuka zo." Ba ta ƙara komai a kai ba.

Can sai ita matar ta fito da lulluɓi, ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo mini ruwa a wata moɗa mai ɗaurin jan zare a hannu. Na gane zaren. Irinsa ake ɗaura wa kwanon da aka ware. Na san ta warke. Na san ko ba ta warke ba, tarin fuka ba ya bin moɗa, na sha faɗa wa mutane haka a gaban allo. Duk da haka hannuna ya tsaya a hanya, bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Na karɓa na shanye har ƙasa, na ce ruwan garinku da daɗi. Ta ce, "Na rijiya ne, Malam," idonta yana kan hannuna.